Kifayen adona suna furzar da abincinsu amma suna rububin burodi: me zan ba su?

"Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ina zaune a Samaru. Wata huɗu da suka wuce maigida ya sayo wa yara akwatin gilashi na kifin ado. A ciki akwai golfish biyu, da gupi shida, da wani baƙi mai manne wa gilashi, wanda mai sayarwa ya ce shi ba sai an ba shi abinci ba, dattin sauran yake ci. Abincin tarwaɗa muke ba su, irin wanda ake aunawa a leda. Golfish ɗin sai su ɗauka su furzar, gupi kuwa su yi ta zagaya shi ba sa ci. Amma da zarar yara sun jefa burodi sai ka ga rububi. Tun da sanyin nan ya shigo kuma cin nasu ya ragu sosai, ruwan ma ya fara yin fari-fari. Shin kifi ma yana da zaɓen abinci ne? Kuma wane abinci ya fi dacewa da su a nan Zariya, wanda ba sai an yi aike Legas ba?"

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana yaran. In na fahimce ki da kyau, kina son sanin dalilin da ya sa kifayen ke ƙin abincin da aka saya dominsu suna bin burodi, da abin da ya rage musu ci a 'yan kwanakin nan, da kuma abin da za ki iya samu a kusa ki ba su.

E, kifi yana da abin da yake so da wanda ba ya so. Sai dai zaɓen nasa ba na ganin dama ba ne. Siffar bakinsa, da tsawon hanjinsa, da abin da ya saba da shi tun yana ƙarami, da ɗumi ko sanyin ruwan da yake ciki, su ne ke yanke masa abin da zai ci. A akwatinki an haɗa maciya iri uku, ana ba su abinci iri ɗaya, wanda asali ba domin ko ɗaya daga cikinsu aka yi shi ba. Sannan hunturu ya zo ya ƙara nasa. Na daɗe ina kiwon kifin ado a gida, ina kuma taya mutane haɗa nasu a cikin garin nan, kuma wannan koken naki shi ne wanda na fi ji tsakanin Disamba da Janairu.

Fara da kallon bakinsu

Ki samu lokaci ki zauna gaban akwatin, idonki daidai da tsakiyar ruwan, ki dubi bakin kowannensu. Bakin gupi sama yake kallo. Asalinsa ƙananan rafukan Tirinidad da Benezuwela da Gayana ne, inda yake rayuwa a kan tsutsar sauro da ƙananan ƙwarin da suka faɗo saman ruwa, yana ɗan haɗawa da gansakuka. Saboda wannan ɗabi'a ce ma aka riƙa kai shi ƙasashe da dama ana sakinsa a kududdufai domin yaƙi da sauro. Bakinsa ɗan mitsitsi ne. Ƙwayar abincin tarwaɗa mai milimita 2 ta fi ƙarfinsa, shi ya sa kike ganin yana zagaya ta. Yana jin ƙanshin, yana so, ba ta shiga bakinsa ne.

Golfish kuwa bakinsa gaba yake kallo, kuma yana iya miƙo shi waje ya karkata shi ƙasa, domin kakanninsa a koguna da tafkunan Sin tonon laka suke yi. Mutanen Sin sun fi shekara dubu suna kiwonsa suna zaɓar masu launi, amma cikinsa bai canja ba. Ba shi da tumbi irin namu da zai tara abinci a ciki, dogon hanji ne kawai abincin ke bi ya wuce. Shi ya sa a kullum yake kamar mai jin yunwa. An halicce shi ne ya riƙa tsintar kaɗan-kaɗan wuni guda: ɗanyen ganye, 'yar tsutsa, ruɓaɓɓen tsiro. In kin kwatanta shi da kifin nan da masu sayarwa ke kira faita, wato beta, ɗan asalin Tailan, bambancinsu kamar na akuya da kyanwa ne. Akuya kiwo take wuni tana yi, hanjinta dogo. Kyanwa nama take ci, ta ci sau ɗaya ta kwanta. Duk wanda ya ɗora akuya a kan abincin kyanwa zai ga abin da bai so ba.

Na ukun, baƙin nan mai manne wa gilashi, fleko ne, dangin tarwaɗa daga kogunan Kudancin Amurka. Bakinsa a ƙarƙashin kansa yake, da shi yake kankarar gansakuka daga jikin dutse da itace, kuma da dare yake fita kiwo. Maganarsa tana da ɗan tsawo, zan dawo kanta.

Furzarwar da golfish ke yi

A nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Golfish ba shi da haƙora a leɓe, haƙoransa can cikin maƙogwaro suke, yana murƙushe abinci tsakaninsu da wani tauri da ke samansu. In ɗakin ya yi tsit kika kanga kunnenki kusa da gilashin lokacin da yake cin busasshiyar ƙwaya, za ki iya jin ƙas-ƙas ɗin. A rufin bakinsa kuma akwai wata tsoka mai cike da ƙwayoyin ɗanɗano, wadda da ita yake tace abin ci daga tsakuwa. Ki lura da shi in yana kiwo a ƙasan akwatin: zai zuƙi tsakuwa biyu ko uku, ya jujjuya su a baki, kumatunsa na motsi, sai ya feso su waje ya riƙe ɗan abin da ya manne a jikinsu. Haka yake yi wa ƙwayar abinci mai tauri. Ya ɗauka, ya gwada, ya furzar, ya bari ta sha ruwa, ya sake ɗauka. In a karo na biyu ko na uku ya haɗiye, to ba ƙi ya yi ba, tauri ne ya yi masa yawa. Maganin wannan mai sauƙi ne: ki jiƙa ƙwayoyin a cokali da ɗan ruwan akwatin na minti ɗaya ko biyu kafin ki zuba.

In kuwa ya furzar ya juya baya bai waiwayo ba, to abincin ne da kansa ake tuhuma. Kifi ba da ido kaɗai yake neman abinci ba, har da hanci da ɗanɗano. Dangin tarwaɗa ma har a fatar jikinsu da gashin bakinsu suke da ƙwayoyin ɗanɗano, shi ya sa tarwaɗa ke samun abinci a ruwan da ya yi baƙi ƙirin da laka. Abin da ke jawo kifi shi ne ƙanshin da ke narkewa daga garin kifi da jatan landen da aka haɗa abincin da su. Abincin da aka farke buhunsa aka bar shi a buɗe a shago, ana ɗiba ana ƙullawa a farar leda, rana tana dukansa, wannan ƙanshin ya daɗe da tafiya, man da ke ciki kuma ya fara ɗaci. Ki shinshina naki. Mai kyau ƙarnin kifi yake yi mai ƙarfi. In kika ji warin tsohon mai, ko warin rima, ko kika ga ƙwayoyin sun dunƙule suna fari-fari, ki zubar da shi, kada ki ji asara.

Ina nanata wannan ne saboda dalili biyu. Yawancin kifaye ba sa iya haɗa bitamin C a jikinsu, dole sai daga abinci, shi kuwa bitamin C yana cikin abubuwan da zafi da iska suka fi saurin lalatawa. Kifin da ya daɗe a kan tsohon abinci yakan yi ta rama, ƙananan ma bayansu ya karkace. Na biyu shi ne gubar da ke fitowa daga hunhunar gyaɗa da masara, wadda ake kira afulatoksin. An gano ta ne bayan da talo-talo sama da dubu ɗari suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin garin gyaɗa mai hunhuna, kuma tana lalata hantar kifi kamar yadda take lalata ta kaji. A damina, lokacin da komai ke yin laima a gidajenmu, abincin kifi a leda ba ya jimawa.

Burodi da abincin tarwaɗa

Burodi yana da laushi, yana yawo a saman ruwa, yana ɓarɓashewa ta yadda har ƙaramin gupi zai samu rabonsa. Iyakar sirrinsa ke nan. Rububin da kika gani shaida ce cewa kifayenki suna jin yunwa kuma sun samu abin da ke shiga bakinsu, ba shaida ba ce cewa ya dace da su. Fulawa ce da suga da gishiri da yis. Yana kumbura a hanji, ba ya gina jiki, ɓarɓashin da ya rage kuma yana shiga tsakanin tsakuwa ya ruɓe. Ina kyautata zaton farin da ruwanki ya fara yi daga nan yake: ƙwayoyin bakteriya ne suka samu abinci suka hayayyafa har suka sa ruwan ya yi hazo. Haka hukuncin yake ga biskit da tuwo da dafaffiyar shinkafa mai mai. A lallashi yaran a daina, a ba su wani aikin da ya fi wannan daɗi, wanda zan faɗa a ƙasa.

Abincin tarwaɗa ba guba ba ne, kuma na san dalilin da ya sa ake sayar wa mutane shi: shi ne ake samu ko'ina, kuma yana da sauƙin kuɗi. Amma a tuna abin da aka yi shi dominsa. An haɗa shi ne domin ɗan tarwaɗa ya kai girman kasuwa cikin wata biyar ko shida, don haka furotin ɗinsa yakan kai kashi 42 zuwa 45 cikin ɗari, ga mai da yawa. Golfish babba abin da ke kusa da kashi 30 ya ishe shi, kuma shi ba sauri ake da shi ba, kifi ne da kan haura shekara goma in ya samu kulawa. In aka ɗora shi a kan abincin tarwaɗa zalla, kitse yana taruwa masa a ciki, kashinsa yana ƙara gurɓata ruwan, kuma irin masu dunƙulallen jikin nan sukan fara kasa daidaita kansu a ruwa, ka gan su suna tasowa sama ko suna kifewa.

A ra'ayina, in shi ke hannu, a yi amfani da shi a matsayin rabin abinci, a cike sauran da ganye. Ga gupi, ki nemi mafi ƙanƙantar lamba da ake ba 'ya'yan tarwaɗa, ko ki murƙushe wanda kike da shi da bayan cokali ya zama gari-gari. In da hali kuwa, ki sayi abincin kifin ado na ainihi a rufaffen gwangwani: mai falle-falle siriri domin gupi, da ƙwaya mai nutsewa domin golfish. Irin mai fallen nan kamfanin Tetra na Jamus ne ya fito da shi a shekarun 1950. Kafin nan masu kiwon kifin ado da yawa kududdufi suke zuwa da rariya su kamo wa kifayensu abinci mai rai. Ki sayi ƙaramin gwangwani, wanda zai ƙare cikin wata biyu ko uku da buɗewa, ki duba ranar lalacewarsa, ki kuma karanta jerin kayan haɗin. In garin kifi ne a farko, madalla. In alkama ko masara ce ta fara, ki ajiye ki duba wani.

Hunturu, da abin da ruwa ke yi wa cin kifi

Jikin kifi ba ya riƙe ɗumi na kansa, zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jikinsa. In ruwa ya yi sanyi, komai nasa yana yin sanyi, har narkar da abinci. A ƙiyasi, duk saukar digiri 10 tana rage aikin jikinsa da kusan rabi. A Zariya kuwa kin san yadda asubahin Disamba da Janairu yake, sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15 a waje. Ƙaramin akwati da ke kusa da taga yana bin wannan sanyin cikin 'yan sa'o'i. Golfish bai damu sosai ba, shi ɗan ruwa mai sanyi-sanyi ne, yakan rage ci ne kawai. Gupi da fleko kuwa 'yan ƙasashen zafi ne, sun fi sakewa tsakanin digiri 24 da 28. Ƙasa da 20 za ki ga gupi ya tsuke fikafikansa ya tsaya wuri ɗaya yana rangaji, abinci na wucewa ta gabansa bai kula ba.

Saboda haka raguwar cin da kika gani, in babu wata alamar ciwo tare da ita, abu ne da ake sa rai. Kuskuren da ake yi shi ne a ci gaba da zuba abinci yadda aka saba, ko ma a ƙara, wai ko za su yi sha'awa. Ki rage zuwa rabi, sau ɗaya a rana, kuma ki mayar da lokacin zuwa bayan azahar, sa'ad da ruwan ya ɗan yi ɗumi. Ki sayi ma'aunin zafi na manna wa gilashi, ba shi da tsada. Ki janye akwatin daga taga, da dare ki lulluɓe gefunansa da bargo. Hita ta akwatin kifi, wato na'urar ɗumama ruwa, tana taimakawa, a saita ta wajen digiri 23 ko 24 domin kowa ya samu sauƙi, amma da yanayin wutarmu bargon ne ke riƙe ɗumin in an ɗauke.

In bazara ta zo, Maris zuwa Afrilu, lamarin juyewa yake. Cinsu yana ƙaruwa, amma ruwa mai zafi ba ya riƙe iska da yawa: ruwan da ke digiri 20 yana ɗaukar kusan miligiram 9 na iskar oksijin a kowace lita, na digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi. Kifin da ya ƙoshi kuma ya fi bukatar iska domin narkar da abin da ya ci. Ƙa'idata a gida ita ce, in babu wuta injin iska, mai hura iska a cikin ruwan, ya tsaya, ba na ba da abinci sai ta dawo. Kifi babba mai lafiya yana yin kwana uku, har mako guda, babu ci bai galabaita ba. Ko tafiyar Sallah za ku yi ta 'yan kwanaki, gara a bar su haka da a damƙa gwangwanin a hannun wanda bai san ƙima ba.

Batun ƙima shi ne ya fi kashe kifin ado a gidajen da na shiga, ba yunwa ba. Duk abin da kifi ya ci, wani kaso yana fitowa a matsayin amoniya, haka ma abincin da ya rage ya ruɓe. Amoniya tana ƙona wurin numfashin kifi, kuma ɗaya daga cikin alamomin farko na kifin da ruwansa ya ɓaci ita ce ya daina ci. Mai gida ya ga ba ya ci, ya sayo wani abincin ya ƙara zubawa, ruwan ya ƙara ɓaci. Ki zuba abin da za su cinye cikin minti biyu, abin da ya rage ki kwashe. A gidan yara kuwa, inda kowa ke son a ce shi ya ba kifi abinci, ki auna na rana guda a murfin kwalba da safe, ki ɓoye sauran. In murfin ya ƙare, ya ƙare. Game da ruwan da ya yi fari, ki tsayar da abinci kwana biyu, ki riƙa canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane kwana biyu har ya washe, kina zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo. Kada ki juye duka ki wanke da sabulu. In ruwan famfo ne, ki bar shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana saboda kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, ya fita. Ko na rijiya ne ko na burtsatse, ki bari ya kwana a ɗakin domin sanyinsu ya zo ɗaya.

Abin da ke kusa da ke

Ba sai kin yi aike ko'ina ba. A kasuwar Samaru ko ta Sabon Gari akwai rabin abin da kifayenki ke bukata. Alayyafo, latas, ganyen zogale, kokwamba, kabewa, da koren waken nan da ake sa wa a soyayyiyar shinkafa. A wanke su sosai saboda maganin feshi, a tsoma ganyen a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci ya yi laushi, babu gishiri babu mai. Koren waken a dafa, a ɓare fatarsa, a murƙushe. Shi nake fara ba golfish ɗin da cikinsa ya ɗaure yana tasowa sama. Ga aikin yaran: su maƙala ganyen latas ɗaya a gefen gilashin da abin shanya, su zauna su kalli yadda golfish ke fizgarsa kaɗan-kaɗan har ya bar jijiyoyin kawai. Ranar farko wataƙila ba za su taɓa shi ba. Kifi yana da ɗar-ɗar da abin da bai sani ba, sai an maimaita. A cire ragowar kafin ya kwana biyu.

Ta ɓangaren nama, babu abin da ke ta da sha'awar kifi kamar abu mai motsi. Tana daga lambun da ba a yi wa feshi ba, a wanke a yayyanka. Gara, da shingen da ke fitowa bayan ruwan farko, a cire fikafikan. Tsutsar sauro kuwa ita ce abincin gupi na asali, in kin ga yadda yake farautarta za ki san haka. In kin tarar da ita a wani bokiti ko tsohuwar taya, ki tace ta da rariyar shayi, ki ɗauraye ki ba su, ki kuma zubar da ruwan. Amma ban yarda a ajiye ruwa da gangan domin tara ta ba, a garin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara kowace damina. Busasshen jatan lande, wanda 'yan kasuwa ke kira kirefish, shi ma yana da kyau in an jiƙa shi an dake, kuma yana taimaka wa launi, domin ja da ruwan lemon da ke jikin golfish daga abinci yake samo sinadarinsu, jikinsa ba ya ƙera su. Sai dai a saya a wurin wanda aka amince da shi, saboda wasu masu ajiyar busassun kaya suna sa maganin ƙwari, kifi kuwa ɗan kaɗan ke kashe shi. Don haka ma in za a fesa maganin sauro a ɗakin, a rufe akwatin ruf, a kashe injin iskar har warin ya fita.

Abin da ban ba da shawara ba shi ne naman shanu ko na kaza, kitsensu ba ya narke wa kifi da kyau. Da soyayyiyar fara mai yaji da gishiri. Da kuma ƙananan kifaye ko tsutsar da aka kamo daga kogin Kubanni ko na Galma ko kwata. Da yawan cututtukan da ke shiga akwatin gida ta wannan hanyar suke shigowa.

Hunturu yana da rana ɗaya a wajena: lokacin ne nake haɗa abincin falle na gida. Nakan markaɗa dafaffen kifi marar gishiri da zogale da ɗan karas da kirefish, in fasa ƙwai ɗaya ya riƙe su, in shafa shi siriri a faranti, in rufe da gidan sauro saboda ƙura, in ajiye a inuwa. Iskar nan tana busar da shi ƙarau kafin ya yi tsami. Sai in ɓamɓare in zuba a kwalba mai murfi. Kaɗan nake yi, kuma ƙari ne a kan na gwangwani, domin ba ni da hanyar auna bitamin ɗin da ke cikinsa.

Baƙin mai manne wa gilashi

Maganar da aka faɗa miki cewa dattin sauran yake ci ba gaskiya ba ce, kuma ta jawo wa wannan kifin wahala a gidaje da yawa. Fleko ba ya cin kashin kifi. Gansakuka yake ci, da ganye, da ragowar abincin da ya nutse. A sabon akwati mai tsabta babu gansakukar da za ta ishe shi, golfish kuma ba sa barin komai ya kai ƙasa. Sai ya yi ta ramewa a ɓoye, ba wanda ya lura, tunda da rana a maƙale yake. Ki dube shi in ya manne a gilashin gaba, cikinsa na fuskantarki. Cikin mai ƙoshi a shafe yake ko ya ɗan taso. In kika ga ya lotsa ciki, idanunsa sun faɗa, yunwa ta ci shi. Fleko mai yunwa kuma yakan koma bin golfish da dare yana tsotsar santsin jikinsu, a wayi gari da jan tabo a gefen kifin a rasa daga ina.

Abincinsa bayan an kashe fitila ake sa shi. Yanki ɗaya na kokwamba ko kabewa da aka ɗan tafasa, a soke shi da cokali mai yatsu domin ya nutse, a cire da safe. Sau uku a mako ya isa, tare da ƙwaya mai nutsewa a sauran dararen. Ki kuma san cewa irin wanda aka fi sayarwa yana haura santimita 30 in ya girma. Nan gaba zai bukaci wuri mafi girma, haka su ma golfish ɗin, waɗanda in bakinsu ya ƙara faɗi za su fara haɗiye 'ya'yan gupi, har da ƙananan iyayen. In hali ya yi, raba gupi da golfish zai sauƙaƙa miki ciyarwar gaba ɗaya.

Wani abin da ke ba ni sha'awa shi ne, kifayen da suka fi tsananin zaɓen abinci a wannan harka wasunsu namu ne na Nijeriya, waɗanda ake fitarwa zuwa Turai. Akwai mai dogon haɓa kamar hancin giwa, wanda ke lalube cikin laka da dare da taimakon 'yar wutar lantarkin da jikinsa ke fitarwa; shi tsutsa yake so, da wuya ya karɓi busasshen abinci. Akwai kuma mai faffaɗan fikafikai kamar malam-buɗe-littafi, wanda ke kwance a saman ruwa yana jiran ƙwaro, abin da ya nutse ko kallonsa ba ya yi. Ƙurungu kuwa, wanda na fi jimawa da shi a cikin namu na gida, ba ya mayar da hannun kyauta, in dai bayan magariba aka ba shi.

Sauya musu abinci, da lokacin da za a nemi likita

Kifin da ya saba da burodi ba zai karɓi sabon abu ranar farko ba. Bayan kwana biyun da na ce ki tsayar da abinci, ki fara da ɗan kaɗan na sabon, a wuri ɗaya na akwatin kuma a lokaci ɗaya kullum. Golfish yana da saurin koyo, cikin 'yan kwanaki zai gane lokacin da kuma mai zuwa da abincin. Ki fara zuba wa golfish ƙwayarsu mai nutsewa a gefe ɗaya, in sun dukufa a kanta sai ki yayyafa wa gupi nasu a ɗaya gefen. In ba haka ba manyan ne za su cinye komai. 'Ya'yan gupi, in an haifa, su ba a sa su azumi. Sau uku a rana, gari mai laushi ƙwarai, ko ɗan gwaiduwar dafaffen ƙwai da bai wuce abin da zai manne a kan tsinken sakace ba.

Duk wannan bayanin na gina shi ne a kan abin da kika rubuto, ban ga akwatin da idona ba, kuma ni mai kiwo ne, ba likita ba. In ruwan ya washe, ɗumin ya daidaita, aka yi mako guda wani kifin bai ci ba, to lamarin ya wuce na zaɓen abinci. Haka in kika ga fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, wanda ya fi yawa a lokacin sanyi, ko kashi fari siriri yana jan sa, ko ciki ya kumbura ɓawon jikinsa ya miƙe tsaye, ko yana haki a saman ruwa alhali injin iska na aiki. Irin wannan kifin a ware shi a wani mazubi mai tsabta. Tunda a Samaru kike, asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da ke. In za ki je, ki ɗebi ruwan akwatin a kwalba mai tsabta daban, ki tafi da ledar abincin da kuke ba su, ki kuma ɗauki ɗan bidiyon kifin a waya yana cikin akwatinsa, domin yadda yake iyo a gida ba haka zai yi a cikin bokiti ba.